Abin da ya kamata ku sani game da ƙarfin motsa jiki

Likita kan ce wa mutum ya riƙa motsa jiki, amma ba kasafai yake gaya masa iya ƙarfin da zai sa ba. Sai ka ga magidanci ɗan shekara 50, wanda rabonsa da gudu tun yana sakandare, ya sayi takalmi ya bi samarin unguwa zagayen fili da asuba. Kwana biyu gwiwa ta kumbura, jiki ya yi tsami, an jefa takalmi ƙarƙashin gado. Wani kuma jan ƙafa yake yi yana latsa waya, ya dawo gida ya ce ya yi atisaye. Dukansu ba su auna aikin da jikinsu ba.

A ƙa'idojin da ta fitar a 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, da kuma aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2. Minti 30 sau biyar a mako ya cika mafi ƙarancin adadin. Inda ake rikicewa shi ne gane matsakaicin, domin ba sunan aikin ke nuna shi ba, yadda jiki ya ɗauke shi ne. Tafiya da sauri zuwa kasuwa wasa ce a wurin saurayin da ke buga ƙwallo kullum, amma a wurin mahaifiyarsa mai ƙiba da hawan jini tana iya zama aiki mai tsanani. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Gwajin da ya fi sauƙi, kuma a ganina ya fi amfani ga yawancin mutane, shi ne magana. Kana cikin tafiya, buɗe baki ka gwada. In kana iya rera waƙa numfashi bai yanke ba, aikin ya yi sauƙi, ƙara sauri. In kana iya hira da abokin tafiya, magana na fita amma ana jin hakinka, waƙa kuwa ta gagara, to kana daidai matsakaici. In kalma biyu ko uku kawai kake furtawa sai ka ja numfashi, ka shiga mai tsanani. Haka mai daka ko surfe za ta auna kanta, haka mai jan ruwa a rijiya ko mai tuƙa keke, domin duk aikin da ya ɗaga numfashi ana lissafa shi.

Mai son lissafi yana iya ƙirga bugun zuciya. Ka cire shekarunka daga 220, abin da ya rage shi ne kimanin ƙololuwar bugun zuciyarka a minti. Ɗan shekara 40 zai samu 180. Kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari na wannan shi ne matsakaici, wato bugu 90 zuwa 126. Daga nan zuwa kashi 85, wato 153, mai tsanani ne. Ka ɗora manuniya da yatsan tsakiya a wuyan hannu, ƙasan gindin babban yatsa, ka ƙirga na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Sai dai wannan lissafi kintace ne. Mai shan maganin hawan jini irin su atenolol, wanda ke rage saurin zuciya, kada ya dogara da shi ko kaɗan.

Gumi kuwa ba ma'auni ba ne. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, mutum na zaune ma jiƙewa yake yi. Da hunturu kuma iska na busar da gumin tun kafin ka gan shi. Masu sa rigar leda don su ƙara zufa ruwan jikinsu suke zubarwa, ba kitse ba, kuma suna jefa kansu cikin haɗari. Zafi da kansa yana ƙara wa zuciya aiki, saboda haka da bazara a fita da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, a rage sauri, a sha ruwa.

Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti 10 na tafiya, ya fara ƙara lokaci kafin ya ƙara sauri. Bayan 'yan makonni zai ga hanyar da ke sa shi haki ta daina, nan ne zai matsa gaba. Tsamin jiki na kwana ɗaya zuwa uku ba abin damuwa ba ne, amma ciwo mai suka a gwiwa ko idon sawu alama ce ta a dakata.

Mai ciwon zuciya, ko ciwon suga, ko mace mai juna biyu, su nemi shawarar likita kafin su shiga motsa jiki mai tsanani. Duk wanda kuma ya ji ƙirjinsa ya ɗaure ko yana ciwo, ko jiri ya ɗebe shi, ko numfashi ya ƙi dawowa bayan ya huta, ya tsaya nan take a kai shi asibiti, kada ya ce zai daure.