Sanyin Ɗaki Daga Bango da Rufi Yake Farawa

Daga cikin abubuwan takaici a sababbin unguwannin Kano, Kaduna, Maraɗi da Yamai akwai gidajen da aka narka wa miliyoyi, amma da zarar bazara ta kama aka ɗauke wuta, sai ɗakunansu su koma tamkar tanderu, masu gidan su kwashi tabarmi su fito tsakar gida. Tun bayan janye tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, da kuma ƙarin kuɗin wuta da ya kai naira 225 kan kowane kilowat na awa ɗaya ga 'yan rukunin A na masu amfani da wutar lantarki a Afrilun 2024, wannan matsala ta tashi daga ta rashin barci ta koma ta aljihu. Maganinta shi ne gida mai tsimin makamashi, wato, a taƙaice, wanda tsarin gininsa ke rage masa buƙatar fanka da na'urar sanyaya ɗaki da kunna fitila da rana tsaka.

Babban kuskuren da ya yi katutu a zukata shi ne ɗaukar ginin ƙasa a matsayin alamar talauci da ƙauyanci, har ta kai magidanci yana jin kunyar a ce gidansa na laka ne, sai ya ci bashi ya rushe soron da ya gada, ya kafa bulon siminti mai inci shida, ya ɗora baƙin kwano, yana ganin ya shiga sahun wayayyu. Alhali katangar tubali mai kauri tana shan zafin rana a hankali, ta riƙe shi na awanni da yawa kafin ya ratsa ciki, shi ya sa wanda ya shiga tsohon zaure da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yake jin sanyi ya dake shi tun daga bakin ƙofa. Siririn bulo mai rami a ciki kuwa ba ya jinkirta zafi sosai, kwanon da ke samansa yana gasuwa har ba ya taɓuwa da hannu, kuma idan babu silin mai kyau duk wannan turiri a kan mutanen ɗakin yake sauka. Magabatan da suka haɗa azara da laka da makuba ba jahilci ne ya sa su yin haka ba, domin masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 yana nan tsaye da bakan gizonsa, masallacin Yama na jihar Tawa da magini Falke Barmu ya fara a 1962 ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986, Francis Kéré ɗan Burkina Faso kuma ya lashe kyautar Pritzker a 2022 bayan ya yi suna da makarantar Gando, wadda ya gina da bulon ƙasa, ya ɗaga kwanonta sama da silin don iska ta ratsa tsakaninsu. Duniya tana karrama abin da masu shi ke rainawa.

Masu cewa ginin ƙasa yana rushewa da damina ba ƙarya suke yi ba, sai dai laifin yawanci na sakaci ne: harsashin da ba a yi da dutse ba, indararon da ya toshe, da yaɓen da aka shekara biyar ba a sabunta ba. A yau akwai bulon ƙasa da ake matsewa da inji bayan an sa masa siminti kaɗan, wanda ke jure ruwa fiye da tubalin gargajiya.

Sauran kura-kuran sun haɗa da zaton cewa ɗora sola kaɗai ya wadatar, wanda a gida mai zafi daidai yake da ɗibar ruwa da kwando, da kuma ganin manyan tagogin gilashi a matsayin ado, alhali ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da gwamnatin Najeriya ta fitar a 2017 ta iyakance taga ga kashi 20 cikin 100 na bango, sai idan an yi mata inuwa.

Saboda haka, wajibi ne mai niyyar gini ya zauna da mai zane da birkila tun kafin a haƙa harsashi. A juya gidan yadda dogayen bangwayensa za su fuskanci arewa da kudu, a ƙanƙanta tagogin gabas da musamman na yamma, inda ranar la'asar ke dukan bango kai tsaye. A zaɓi kwano fari ko mai haske, a zarce da bakinsa don ya yi wa bango inuwa, a shimfiɗa abin tare zafi a kan silin, a kuma bar kafofi a ƙarƙashin rufi don iska mai zafi ta fice. Kowane ɗaki ya sami tagogi biyu masu kallon juna da ragar sauro, a rufe su da rana, a buɗe da dare, domin bango mai kauri yana buƙatar iskar dare kafin ya saki zafin da ya tara. A shafa wa bangon waje farin fenti ko farar ƙasa, a daina malale tsakar gida kaf da siminti, a dasa darbejiya ko mangwaro ta yamma, nesa kaɗan da harsashi. A yi amfani da ƙwan fitila na zamani, domin mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60. Bayan an cika waɗannan ne ya dace a lissafa sola ko na'urar sanyaya ɗaki, domin a lokacin ƙarama ma za ta wadatar.

Yawancin waɗannan matakai ba sa cin ko kwabo idan an yanke su a kan takarda, amma gyara su bayan an tare sai da rusau. Masu iya magana dai sun riga sun ce tun ran gini, tun ran zane.