Tsatsar Saman Taya A Motocin Beljiyam: Inda Take Farawa Da Yadda Ake Maganinta



Shekara biyu da suka wuce mahaifina ya sayar da wasu bijimai ya saya mini tsohuwar Hiace 'yar Beljiyam, don in riƙa jigilar citta da fasinja tsakanin Kwoi, Kafancan da Kaciya. Ranar da aka kawo ta sai sheƙi take yi, fara fes. Baba ya zagaya ta sau biyu, ya ce, "Kun dai ɗaga kofatonta kun duba ko?" Muka yi dariya, muka ce Baba ai mota ba saniya ba ce.

Damina ɗaya ta ishe mu gane abin da yake nufi. Fentin da ke saman tayar baya ya fara ƙuraje, kafin watan Oktoba na faɗa wani rami a hanyar Kafancan sai wani ɓangare kamar tafin hannu ya ɓalle ya faɗi. Da na leƙa, babu ƙarfe a wurin sam. Fila ce aka lafta a kan ragar waya da takardar buhun siminti, aka bi da fenti. Ban san ko a Legas aka yi wannan aika-aika ba ko tun a can waje. Abin da na sani shi ne kuɗin bijiman Baba ne ke zubewa a kan titi. Abin da na koya a gareji daga ranar zuwa yau shi zan bayyana a nan.

Me ya sa a saman taya take farawa?

Tsatsa abu uku take buƙata: ƙarfe, ruwa da iska. In suka haɗu suka daɗe tare, ƙarfe zai fara komawa jan gari. Fenti shi ne katangar da ke tsakaninsu, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To a duk jikin mota babu inda bangon ke saurin tsagewa kamar wannan rumfar ƙarfe da ke saman taya, wadda direbobi ke ce wa madigadi. Kullum taya tana watsa mata tsakuwa da yashi, suna kankare fentin ciki. Sannan a bakin rumfar akwai wani leɓe da aka lanƙwasa ciki, inda ƙarfen waje da na ciki suka haɗu. Taɓo yana shiga wannan leɓen ya zauna. Ko rana ta fito jikin mota ya bushe, shi yana nan da danshinsa kwana da kwanaki. Ƙarfen bodi kuwa siriri ne, kaurinsa bai cika wuce milimita 1 ba.

Shi ya sa tsatsar wurin daga ciki take cinyowa zuwa waje. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta kumbura ta tura fenti. Ƙurajen da kake gani a waje ba farkon ciwon ba ne, alama ce ya riga ya yi nisa.

Da cutarsu suke zuwa

Yawancin motocin da muke haya da su sun yi rabin rayuwarsu a Turai ko Amurka. Ana ce musu Beljiyam ne saboda da yawansu daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp ake loda su. A da ta Kwatano suka fi shigowa, har gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu daga 1 ga Janairun 2017, aka ce kowa ya bi ta tashoshin ruwa irin su Apapa da Tin Can.

A waɗancan ƙasashen, in hunturu ya zo ana watsa gishiri a kan titi don ya narkar da ƙanƙara. Ruwan gishiri kuwa yana hanzarta tsatsa ƙwarai. Motar da ta yi shekara 15 tana bin irin wannan titin, gishiri ya riga ya shige duk wani lungu na ƙarƙashinta.

Akwai kuma wani abin. A Jamus ana kai ƙananan motoci gwaji duk bayan shekara 2, wanda aka fi sani da TÜV. In tsatsa ta ci wurin da ke ɗauke da nauyin mota, ba za ta ci gwajin ba sai an gyara, kuma ladan walda a can ba wasa ba ne. Sai mai ita ya ga gara ya sayar wa masu fitar da motoci zuwa Afirka. Ka ga ke nan wasu motocin tsatsar ce ma ta koro su zuwa wurinmu.

Ga kuma shekaru. Peugeot J5 da muke loda wa buhuna, Boxer ta gaje ta tun 1994. Volkswagen T4 an ƙera ta ne daga 1990 zuwa 2003. Sharan ta fara fitowa a 1995. Wasunsu sun girmi direbobinsu.

Abin da muke ƙara musu a nan

Wani zai ce ai mu ba mu da ƙanƙara. Haka ne, amma muna da namu. Daminar Kudancin Kaduna ba irin ta Katsina ko Sakkwato ba ce, tun wajen Afrilu ake ruwa har Oktoba. Jan taɓon hanyoyin ƙauyukan Jaba in ya manne a saman taya, kamar an yaɓa siminti. Wanda ke zaune a Legas ko Fatakwal kuma yana fama da iskar teku mai gishiri da ruwan da ke kwanciya a titi.

Sai lodi. Takin zamani, yuriya ko NPK, in ya zube ya jiƙe yana cin ƙarfe kamar me. Haka gishiri da kanwar da muke ɗauko wa shanu. Uwa uba fitsari da kashin dabbobi. Duk wanda ya cire kujeru ya loda raguna da awaki zuwa kurmi gabanin Babbar Sallah, ya sani cewa fitsarin nan yana gangarawa ƙarƙashin shimfiɗar roba, ya taru daidai inda dandamalin mota ya haɗu da tudun taya. Ta ƙasa taɓo na ci, ta sama fitsari na ci.

Yadda za ka duba

Ko saya za ka yi ko taka ce, kayan aikin ba su da tsada: tocila, sukuddireba da ɗan maganaɗisu irin na tsohuwar sifika.

Da farko a wanke ƙarƙashin motar, ka je da rana, ba da magariba ba. Zura hannu ka shafa leɓen ciki na madigadi. In ka ji kaushi ko ɓawo na zubowa, akwai magana.

Naɗe maganaɗisun a ƙyalle ka bi da shi gefen tayar. Inda ƙarfe yake zai kama. Inda ya saki ko ya yi sanyi-sanyi, fila ce mai kauri a wurin. Ƙwanƙwasa da yatsa ma yana nunawa: ƙarfe yana amsawa, fila kuwa sai ka ji dum.

Ɗaga shimfiɗar ciki ka duba kusurwar tudun taya. Kwanta ka haska ƙarƙashi. In ka ga sabon baƙin fenti mai kama da kwalta an shafe ƙarƙashin tsohuwar mota kaf, kada ka yi murna, ka tambayi abin da ake ɓoyewa. Danna bakin sukuddireba a duk inda kake shakka. Lafiyayyen ƙarfe ba ya lotsawa.

Abin da za ka tarar ba ya wuce mataki uku. Na farko, ja-ja a sama amma ƙarfe na nan da ƙarfinsa. Na biyu, ƙuraje da ɓawo, ƙarfe ya yi ramuka ya sirance. Na uku, huji.

Maganin kowane mataki

Matakin farko kai ma za ka iya. Ɗaga motar da jak, ka tokare ta da katako mai ƙwari, kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Cire tayar, ka wanke, ka bari ya bushe sarai. Kankare da buroshin ƙarfe da sanfefa har ka ga farin ƙarfe, ka ɗan wuce iyakar tsatsar. A shagunan fenti ana sayar da wani ruwan magani da ke mayar da ragowar tsatsa baƙa ya tsayar da ita. Yana amfani a ƙananan ramuka, amma ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya tafi. Bayan nan a shafa fentin ƙasa, irin jan nan da masu walda ke shafa wa ƙofofi, sannan fentin sama. A cikin rumfar kuma a bi da baƙin fenti mai kauri na ƙarƙashin mota. Wannan baƙin a kan tsabtataccen ƙarfe kawai ake shafa shi. In ka shafa a kan tsatsa, ka rufe mata ɗaki ne ta ci abincinta a natse.

Mataki na biyu da na uku aikin fanal bita ne, kuma magani ɗaya ne: a yanke ruɓaɓɓen wurin har a kai lafiyayyen ƙarfe, a yanko sabon ƙarfe mai kaurin na asali, a lanƙwasa shi ya yi siffar wurin, a yi walda. Wasu suna samun yankakken ɓangaren irin motar a wurin masu sayar da sassan Beljiyam, a Fanteka ta Kaduna ko Ladipo ta Legas. Shi ma a duba shi da kyau, don daga ƙasar gishirin ya fito.

Ga abubuwan da za ka tsaya a kansu a gareji:

1. Ka ga ramin da idonka bayan an yanke, ka kuma ga waldar kafin a rufe ta. In an ce ka tafi ka dawo gobe ka tarar an gama, ba ka san abin da ka biya ba.

2. A yanke tsohon ƙarfen. Ɗora sabo a kan ruɓaɓɓe yana barin rata a tsakani, ruwa ya shige ya ci duka biyun.

3. Yawancin masu gyaranmu da wutar kabaid suke walda. Zafinta yana ƙona fentin bayan ƙarfen, kuma nan ne tsatsa ke dawowa da wuri. Ka nace a shafe bayan waldar da fenti, a toshe layin haɗin, inda hannu ba ya kai kuma a fesa mai.

4. Fila ta gyara fuska ce kawai, siririya a kan ƙarfe. Tana shan ruwa, don haka ba ta toshe rami.

5. Wuta. A motoci da yawa bututun zuba mai yana bi ta bayan madigadin baya, ga bututun birki da wayoyi. A cire kan batir, a cire kujeru da soso da ke kusa, a ajiye bokitin yashi da abin kashe wuta. In tanki na kusa, a sauke shi.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aikin shi ne rani, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ƙarfe ke bushewa ƙayau. Sai dai a yi fentin a cikin rumfa saboda ƙurar hunturu.

Inda wasa ya ƙare

Tsatsar leɓen waje muni ce kawai. Amma in ta gangara ta kai inda sifirin ko shokozoba ke ɗaure, ko jikin casis, ko inda aka ɗaure kujeru, wannan maganar rai ce. A gwajin MOT na Ingila, tsatsa mai tsanani da ke cikin santimita 30 daga irin waɗannan wurare tana kayar da mota. Tsawon rular 'yan makaranta ke nan. Kai ma ka auna taka da wannan ma'aunin. Motar da ke ɗauke da mutum 14 ko buhunan citta, in mazaunin sifirin ya tsinke a kan gudu, direba ba shi da ta cewa. Huji a tudun taya kuma yana iya shigo da hayaƙin salansa cikin mota, fasinja su yi ta ciwon kai ba a san dalili ba.

In mai walda na gaskiya ya duba ya ce babu lafiyayyen ƙarfen da zai kama, ka haƙura. A sayar da inji da giya, ko a nemo wani bodin.

Rigakafi

A damina ka sa a wanke cikin madigadi da ruwa mai ƙarfi ko da sau ɗaya a mako, ka sa yatsa ka fitar da taɓon leɓen. Masu wankin mota jikin waje suke gogewa, sai ka nuna musu.

Kafin lodin dabbobi ko taki, shimfiɗa tamfol mai kauri ka zuba ɗiɗɗigar katako ko ƙaiƙayi. Da ka sauke, ɗaga shimfiɗar ka wanke, ka bar ƙofofi a buɗe su sha iska.

Akwai ƙananan ramukan fitar ruwa a ƙasan ƙofofi da gefen bodi. Tsokane su da waya kada su toshe. Robar da ke cikin madigadi in ta yage a mayar da ita, ba ado ba ce.

Tsofaffin direbobi suna fesa tsohon baƙin mai a ƙarƙashin mota kafin damina. Yana taimakawa, amma ruwa na wanke shi, yana kama ƙura, yana kuma lalata roba. In za ka yi, ka nisanta shi da birki, taya da salansa. Giris a cikin leɓen ya fi daɗewa.

Tawa motar ta yi kwana tara a gareji a Kafancan, a daidai lokacin da ake haƙar citta, lokacin da kowane direba ke samu. Na zauna a kan benci ina kallo aka yanke gefe biyu na baya da wani sashe na dandamali. Allah ya taimake ni ba ta kai mazaunin sifirin ba, saura kamar faɗin yatsu huɗu. Da na kawo ta gida Baba bai ce komai ba, sai ya durƙusa ya zura hannu saman tayar ya shafa, ya miƙe ya kakkaɓe hannunsa ya shige gida.

Yanzu duk wanda ya ce in raka shi sayen mota, maganaɗisu na cikin aljihuna. Allah ya kiyaye hanya, ya ba kowa sa'ar nema.