Taƙaitawa da Tauyewa: Ina Bambancin?

Kalmomi biyu ne muke so mu duba a wannan darasi: taƙaitawa da tauyewa. Dukansu ragewa ne, amma ba abu ɗaya suke ragewa ba. Mai taƙaitawa yana rage yawan kalmomi, ya bar ma'ana a cike. Mai tauyewa kuwa yana rage abin da yake haƙƙin wani. Duk wanda ya taɓa sayen gero a kasuwar Shuwarin ya san abin da ake nufi da tauye mudu: kuɗi cikakke, awo a rage. Irin wannan ne annabi Amos ya tsauta wa 'yan kasuwar zamaninsa a sura 8.

Taƙaita rubutu ba laifi ba ne. Ubangiji Yesu da kansa ya tattara Shari'a da Annabawa cikin umarnai biyu (Matiyu 22). Maƙwabtanmu Musulmi ma suna karanta Muhtasar na Shehu Khalil, malamin Masar na ƙarni na 14, kuma sunan littafin kansa na nufin "taƙaitacce".

Amma akwai taƙaitawar da take fakewa ce kawai. A shekarar 1807 an buga wani zaɓaɓɓen Littafi Mai Tsarki a Landan domin bayin da ke tsibiran Karibiyan na Birtaniya. An cire labarin fitar Isra'ilawa daga bautar Masar, an cire Galatiyawa 3:28 da ke daidaita bawa da ɗa cikin Almasihu, amma an bar Afisawa 6:5 da ke umartar bayi su yi biyayya. Ba a ƙara ko kalma ɗaya ta ƙarya ba, duk da haka littafin ya zama mudun da aka tauye.

Wannan ya shafe mu ƙwarai. A ƙananan ikilisiyoyinmu na ƙauyukan Dutse, Kiyawa da Birnin Kudu, akwai waɗanda ba sa karatu. Abin da fasto ya taƙaita musu, shi ne kaɗai abin da suka samu. Idan muka yi wa'azin biyayyar mata muka tsallake ƙaunar da aka ɗora wa maza a sura ɗaya, mun tauye. Idan muka yawaita maganar zakka muka yi shiru kan ladan ɗan ƙodago (Yakubu 5:4), mun tauye.

Haka yake da dokar ƙasa. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, har da na sauya shi da na yaɗa shi. Sashe na 45 kuma ya yarda a iyakance shi ta hanyar doka domin tsaro, zaman lafiya da 'yancin wasu. Fasto da ya faɗa wa jama'arsa sashe na farko kaɗai zai iya jefa su cikin rigima. Wanda ya faɗi na biyu kaɗai zai sa su saki haƙƙinsu don tsoro.

Saboda haka, kafin mu taƙaita kowane nassi ko takarda, mu tambayi kanmu: da marubucin zai ji taƙaitawarmu, zai yarda maganarsa ce? Abin da muka bari kuma, wa ya yi asararsa? In mai rauni ne ya yi asara, mu kuwa muka ci riba, to mu sake awo.