Murjani Biyu, Ciwo Biyu, Fitila Ɗaya

A mako na uku bayan na rataya sabuwar fitila a kan tankina, murjani biyu suka kamu da ciwo, kuma ciwon nasu ya saɓa wa juna. Wanda ke tsakiya a kan dutse mafi tsawo, irin wanda masu kiwo ke kira murjanin guduma, ya soma dusashewa har ya kusa zama fari kamar alli. Na lungun hagu kuwa, wani zowantid mai kore da ruwan goro, ya rine ya koma ruwan ƙasa, yana ta miƙa wuya sama kamar dawar da ta tsiro a inuwa. Ruwa ɗaya suke sha, fitila ɗaya ke haska su, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kamu ɗaya ba.

A Jidda nake zaune, kuma duk wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin Bahar Maliya ya san abin da ke sa mutum ya so ya ajiye ɗan guntun wannan duniyar a falonsa. Tankina ƙarami ne, lita 100, murjanin ciki duk 'yan yanka ne da aka raina a gonakin kiwo. Fitilar mai araha ce, baƙin akwatin LED mai maɓallai biyu, ɗaya na shuɗi ɗaya na fari. Kuɗinta bai kai rabin na manyan fitilu ba.

Ruwa ba ya tsami banza, don haka da ruwan na fara. Gishiri 1.025, daidai. Zafi digiri 26, dare da rana, domin na'urar sanyaya ɗaki ba ta mutuwa. Alkaliniti 8, kalsiyam 420, naitiret kaɗan. Na sake gwajin da sababbin magunguna, sakamakon bai canja ba. Sai kuma na yi wa kaina wata tambaya: in ruwa ne mai laifi, don me zai farar da wannan ya rinar da wancan? Na kwana biyu ina haska duwatsu da tocila mai jan haske, ko wani kaguwa ko tsutsa na fitowa cizo cikin dare. Ban ga komai ba sai dodon koɗi yana lasar gilashi.

Zargina ya koma kan fitila, amma ta gurguwar hanya. Na ɗauka araha ce ta cuce ni, fitilar ba ta da ƙarfi. Tun ranar farko na murɗa maɓallan biyu har ƙarshe, domin shuɗin hasken a idona dishi-dishi yake, kamar almuru.

Maƙwabcina dattijo ne, Bahaushen Sudan, wanda ya yi shekaru yana nutso a gaɓar Fot Sudan. Ya shigo ya daɗe a gaban tankin bai ce uffan ba.

"Ɗana, wa ya gaya maka fitilar nan ba ta da ƙarfi?"

"Baba, ai ga ta nan, ko karatu ba za a yi da ita ba."

"Kai ne ba za ka yi karatu da ita ba. Na taɓa yankewa a hannu a zurfin wajen mita goma, jinin da ya fito kore na gan shi. Can ƙasa babu ja, ruwa ya shanye shi tun daga sama. Shuɗi ne ke sauka. Waɗannan bayin Allah da shuɗi suka saba ci."

Kalmar "ci" ita ta tsaya mini a rai, kuma gaskiya ce tsantsa. A cikin naman murjani akwai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka, zuzantele, masu sarrafa haske su mai da shi abinci, kuma daga gare su murjanin ke samun mafi yawan kuzarinsa. Hasken da suka fi kamawa shi ne shuɗi, wajen nanomita 450. Idon ɗan Adam kuwa ya fi kaifi a nanomita 555, tsakanin kore da rawaya; a 450 abin da yake ji bai kai kashi 5 cikin 100 na wannan ba. Lumen ɗin da ake bugawa a kwalin fitila da idonmu aka auna shi. Abin da nake gani almuru, ga murjanin guduma tsakar rana ce ta bazara, sa'o'i goma sha biyu kullum. Idan haske ya fi ƙarfin zuzantele sai su fara fitar da sinadarai masu ƙona naman mai masaukinsu, shi kuma ya kore su. Farin da nake gani ƙashinsa ne ke bayyana ta cikin nama da ya zama garau.

An gano rabi ke nan. Amma in fitilar ta yi yawa, me ke sa zowantid miƙa wuya yana neman haske?

Gani ya kori ji. Na yi hayar na'urar auna PAR ta kwana ɗaya, wadda ke ƙirga hasken da ke tsakanin nanomita 400 da 700 ba tare da ta kula da idon mutum ba. A kan dutsen tsakiya ta nuna 380. Murjanin guduma abin da yake so bai wuce 80 zuwa 150 ba. Na matsa da ita lungun hagu, sai ta faɗi zuwa 35. Ninki goma cikin tazarar kamu ɗaya.

Na sauke fitilar na duba cikinta. Kowane ƙwai yana da ɗan gilashi mai tattara haske wuri guda, ni kuma na rataye ta santimita 10 kacal daga ruwa, don haka hasken ya sauka a tsakiya kamar na tocila bai samu sararin bajewa ba. Da na ɗaga murfin gilashin tankin kuma sai ga sauran bayanin: bakin famfo yana fesa ruwa a gefen hagu, gishiri ya bushe ya yi farin ɓawo daidai saman zowantid. Shi a duhu yake zaune. Murjanin da haske ya yi wa kaɗan yakan ƙara tara zuzantele da launinsu don ya kama ɗan abin da ya samu, su kuwa ruwan ƙasa ne, sai su binne korensa.

Gyaran bai ci ko riyal ɗaya a sabuwar fitila ba. Na ɗaga ta zuwa santimita 30, na rage shuɗi zuwa kashi 40, fari ƙasa da haka, na cire murfin na sa raga, na ɗaura mata agogo mai kashe ta bayan sa'o'i 9. Tsakiya ta dawo 140, lungu ya hau 70. Murjanin guduma na sauko da shi kan yashi.

Ga mai farawa, a ganina abu uku ne suka cancanci kuɗinsa a jikin fitila: ta yalwata shuɗi, a iya rage ƙarfinta, kuma haskenta ya baje. Adadin wat da aka rubuta da manyan baƙaƙe ba ya gaya maka abin da ke isa ga dutse. Dogayen ƙwayayen T5 sun fi baje haske, sai dai ana sauya su kusan duk shekara, kuma wannan ma kuɗi ne. Wanda ya fara da murjani masu taushi, ya bar murjanin Acropora mai neman PAR 200 zuwa sama sai hannunsa ya faɗa, fitila mai araha ta ishe shi, muddin ya fara da ita a ƙasa ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan mako bayan mako.

Zowantid ne ya fara amsawa. Cikin mako uku wuyansa ya gajarce, koren ya dawo daga gefe. Murjanin guduma ya fi jinkiri, ina ba shi ɗan abinci da bututu sau biyu a mako tunda masu ciyar da shi sun tafi. A mako na bakwai Baba ya shigo bayan la'asar, ya sunkuya, ya nuna mini da yatsa: kan kowace guduma ya ɗauki launin zuma.