Yawon Daji Da Sana'ar Alƙalami A Ƙasar Bauchi

Duk wanda ya bar birnin Bauchi ta gabas ya kama hanyar Gombe, ba zai yi nisa ba zai iske garin Inkil. Matafiya da yawa kan wuce shi a guje ba tare da sun waiwaya ba, alhali kuwa a nan ne Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma Sarkin Bauchi na farko, ya fara kafa sansaninsa bayan ya karɓo tuta, kafin ya tashi ya kafa birnin Bauchi wajen shekarar 1809. Har gobe ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar birnin sunanta Ƙofar Inkil.

To, ban da tarihi, akwai wani abin da wannan yanki yake da shi wanda masu sana'ar rubutu ya kamata su kula da shi, watau gonaki da fadamu da duwatsu da itatuwa waɗanda mutum zai iya kaiwa gare su da ƙafa daga gefen gari. A nan ne marubuci zai ga yadda shekara take juyawa, ya kuma ji sunan kowane abu daga bakin waɗanda suka san shi. Abin damuwa shi ne, gari yana ta cin dajin nan, kalmomin kuma suna bin sa.

Magabata biyu

Ƙasar Bauchi ba baƙuwa ba ce wajen rubutu. A 1933 Dokta Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zaga Arewa yana neman malamai su rubuta littattafan hira da Hausa. Cikin littattafai biyar da aka buga daga wannan gasa akwai Shaihu Umar, wanda Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta. A lokacin bai wuce shekara 21 da haihuwa ba, bai daɗe da gama Kwalejin Katsina ba, yana koyarwa a Midil ta Bauchi. Watau dai aikinsa na yau da kullum shi ne allo da alli da duba littattafan yara, rubutun kuwa sai a ɗan lokacin da ya rage masa.

Wanda ya karanta littafin ya san cewa a Rauta, cikin ƙasar Bauchi, aka zaunar da malamin da yake ba da labarin, daga nan labari ya bi ta Kano ya ratsa hamada. Marubucin bai taɓa ƙetare Sahara ba sa'ad da ya yi wannan aiki, amma a zamanin akwai sauran tsofaffi waɗanda suka ga cinikin bayi da ayarin fatake da idonsu, labarinsu kuma yana bakin jama'a. Matashin da ya iya zama a gaban manya ya kasa kunne, ya sami abin da babu shi a cikin kowane kabad. Mervyn Hiskett ya juya littafin zuwa Turanci a 1967, Adamu Halilu kuma ya mai da shi sinima a 1976. Sanannen abu ne kuma cewa ko bayan da ya zama Firayim Minista a 1957, in ya sami hutu gonarsa ta Bauchi yakan nufa.

Na biyun shi ne Malam Sa'adu Zungur, ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba a Ikko, mai waƙar Arewa Jumhuriya ko Mulukiya da Maraba da Soja. Ciwo ya daɗe yana damunsa har ya rasu a 1958, amma bai ajiye alƙalami ba. A farkon shekarun 1940 shi da Malam Aminu Kano, wanda yake koyarwa a Midil ta Bauchi, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suna cikin taron tattaunawa na Bauchi, inda ’yan boko suke haɗuwa su yi muhawara a kan al'amuran ƙasa. Daga nan za a gane cewa abokan shawara ma suna cikin kayan aikin marubuci, domin maganar da aka tankaɗe a gaban jama'a ta fi wadda mutum ya ƙulle ɗaki ya yi shi kaɗai. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

Yinin marubuci a yau

Abu guda bai sake ba tun wancan zamani: da wuya a sami marubucin Hausa wanda alƙalami kaɗai yake ci da shi. Wani malamin makaranta ne, wani ma'aikacin ofis, wani ɗan kasuwa, wata kuwa matar aure ce mai girki da reno. Saboda haka lokacin rubutu iri biyu ne, ko dai bayan sallar asuba kafin gida ya tashi, ko kuwa bayan lisha sa'ad da ƙafa ta ɗauke. Da can fitilar ƙwai ce da littafin rubutu na ’yan makaranta, sa'an nan a kai wa mai tafireta. Yanzu yawancin matasa a wayar hannu suke rubutawa da babban yatsa, su tura shafi shafi ta WhatsApp ko Facebook ko Wattpad, masu karatu na jira.

Wannan sauƙi alheri ne, gama ya buɗe ƙofa ga mutane da yawa, musamman mata, kamar yadda gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC take nunawa tun daga 2016. Amma fa yana da nasa lahani. Wanda ya wuni tsakanin ɗaki da ofis da waya, abin da ya gani a waya shi zai rubuta. Shi ya sa mai karatu zai gama labari mai shafi ɗari uku bai san ko da damina aka yi shi ko da rani ba. Kowace itaciya sunanta bishiya, kowane tsuntsu sunansa tsuntsu, in an ce an je ƙauye sai a ce an ga ciyayi kore shar, shi ke nan.

Abin da kowane lokaci yake nunawa

Maganin wannan ba ya bukatar kuɗin mota. Tafiyar awa ɗaya a bayan Inkil, ko Tirwun, ko gindin duwatsun Warinje, sau ɗaya a mako, ta isa ta cika wa mutum littafin aljihu a shekara.

A bazara, watau Maris da Afrilu, zafi yakan kai matuƙa, ƙasa ta yi fari, kuka ta tsaya tsirara. Amma a lokacin ne ɗorawa, wadda ta riga ta zubar da jan tutunta, take nuna, mata su tara kalwa don daddawa, ɓawon kuma a jiƙa shi a yi makuba. Manoma suna sharar gona suna kai taki. Sai wata rana a ga shamuwa ta sauka a kan tsamiyar gari, bayan ta yi watanni a kudancin Afirka, kowa ya san ruwa ya kusa.

Damina a Bauchi takan kama daga Mayu zuwa ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, ruwan da ake samu a shekara kuwa yakan kai wajen milimita 1,000. Wanda ya fita da sassafe bayan ruwan farko zai ji ƙamshin ƙasa, da dare ya ga shinge ya rufe fitila. ’Ya’yan kaɗanya suna faɗuwa, tafasa da rama suna tsirowa a bakin hanya. Aikin gona kansa matakai ne, kowane da sunansa: shuka, noman farko, maimai, huɗa. A Agusta marka takan sauka, a wuni ba a ga rana ba, katangun ƙasa su riƙa zubewa, hatsin bara kuma ya ƙare a rumbun talaka. Marubucin da ya san wannan ba zai sa manomi ya yi bikin ’yarsa a tsakiyar marka ba tare da ya faɗi inda ya samo abin yi ba. A nan ne kuma zai lura da gawo, wanda yake zubar da ganye sa'ad da kowace itaciya take yin sabo, don haka ne manomi yake barinsa a tsakiyar gona, ba ya tare wa shuka rana, ga shi yana ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Da kaka raɓa takan yi yawa, yara su gasa tumu, a yanke gero, a tuge gyaɗa, a jira dawa. Ana ɗaure dammuna, ana sussuka da shiƙa. Kuɗi ya shigo hannu, sai aure da dambe da biyan bashi, sai kuma shanun Fulani su gangaro cin karmami, inda ake samun zumunci, wani lokaci kuma a sami rigima. Rabin labaran ƙauye a wannan lokaci suke faruwa.

Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne. Hazo yakan rufe duwatsu har a kasa ganinsu daga hanya, leɓe ya tsage, tsofaffi su kewaye wuta da hantsi. Gawo ya yi ganye, makiyaya suna kakkaɓo wa awaki ’ya’yansa. Masu lambu sun koma fadama, matasa sun tafi cin rani. Malaman da suka san hisabi suna bin duk wannan da lissafin taurari 28, bakwai ga kowane lokaci, kowane tauraro kwana 13 in ban da guda mai 14, jimla kwana 365. Manoma da yawa har yanzu sukan tambayi wane tauraro ake ciki kafin su yi shuka.

Kayan aiki, jiya da yau

Abin sha'awa shi ne, a da kayan rubutun kansu daga wannan daji suke fitowa. Alƙalami karan dawa ne ko na gamba da aka feƙe. Allo akan sassaƙa shi daga itace mai ƙwari irin aduwa. Tawadar allo gawayi ce da ƙaro, ta takarda kuwa akan dafa ta da bagaruwa, wadda da ita ce kuma majema suke jeme fatar da ake ɗinka gafaka. Takarda kaɗai ce baƙuwa, fatake suke kawo ta daga Italiya ta hanyar Tarabulus, irin mai tambarin wata uku. Ashe malamin da bai san itatuwa ba a wancan zamani, ko tawada ba zai samu ba.

Littattafan taimako ma suna da nasu matsayi. A 1936, da aka ɗauko Malam Abubakar Imam daga Katsina zuwa Zariya don ya rubuta Magana Jari Ce, an tara masa littattafan labaru na Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya karanta, sa'an nan ya zuba su cikin rayuwar Hausawa da ya sani ciki da bai. Karatu ya ba shi ƙashin labari, sanin ƙasa ya ba shi tsoka.

Marubucin yau ya fi su gata nesa ba kusa ba. Akwai ƙamus na Bargery na 1934, wanda yake cike da kalmomin noma da na daji, ana kuma samunsa a intanet. Akwai na Abraham na 1949, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Game da tsirrai, tun 1916 Dokta Dalziel ya tattara sunayensu na Hausa a littafi guda. A cikin Bauchi akwai ɗakin karatu na jiha, da na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, akwai kuma reshen Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafa ta a 1981. Wayar da take hannunsa tana iya ɗaukar hoton ganye da kukan tsuntsu da muryar tsoho, in ya nemi izini. Sai dai ƙamus yana faɗin ma'anar kalma ne kawai. Wanda yake son ya san yadda ƙirya take, da abin da ya sa maƙera suka fi son gawayinta, tilas ya taka ya je.

Abin da ake gudu

Tun da Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976 take faɗaɗa, gonakin da suke tsakaninta da ƙauyukan gefe ana yanka su fuloti fuloti. Buhunan gawayi da ake jerawa a bakin manyan hanyoyi shaida ne a kan abin da yake samun ƙirya da marke da kaɗanya. Jihar tana cikin jihohi 11 na Arewa da aka sa cikin shirin dasa itatuwa don tare hamada. In itaciya ta ɓace daga gona, ba a jimawa sunanta yake ɓacewa daga baki, karin maganar da aka gina a kanta kuma ta zama ba ta da ma'ana ga yaro. Haka nan harshen Gerawa, mutanen Malam Yakubu, yana ja da baya a gaban Hausa, tare da sunayen da suka ba duwatsu da rafuka da tsirran wannan ƙasa.

Saboda haka akwai aiki a gaban kowa. Marubuta su riƙa fita, su riƙi ɗan littafi su rubuta kwanan wata da abin da suka gani, su gai da manomi da makiyayi da mai magani su tambaye su, su kuma kiyaye shiga gonar mutane ko dajin da ba su sani ba ba tare da ɗan gari ba. Malaman Hausa a makarantu su fitar da yara bayan gari ko da sau ɗaya a zango. Hukuma kuwa, in za ta yanka filaye, ta bar wa kowace unguwa tsofaffin itatuwanta, ta kuma zuba sababbin littattafan Hausa a ɗakunan karatu. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Tsofaffin da suka san sunan kowace ciyawa a bayan Inkil suna nan da ransu, amma kullum raguwa suke yi, wanda zai tambaye su kada ya bari sai baɗi. Allah ya sa a dace.