Koren Sabulun Washi: Shin Yana Ƙara Wa Aska Kaifi?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, wanzami da ke cin kasuwannin ƙauye a ƙasar Gumel, ya aiko yana cewa ya ga ana sayar da wani koren abu kamar sandar sabulu, wai ana goga shi a fatar wasa aska. Shin gaskiya ne yana ƙara kaifi, ko kuwa cinye askar yake yi?

AMSA: To, malam wanzami, duka biyun gaskiya ne. Magana tana ga yadda ka yi amfani da shi.

Da farko sai ka san cewa aikin dutse daban, na fata daban. Dutsen washi yana cin ƙarfe ne, ya fitar da sabon baki. Ita kuwa fata zalla kusan ba ta cin komai. Bakin aska siriri ne ƙwarai, in ya sha aiki sai ya ɗan lanƙwashe, ko da ido ba ya gani. Fata ita ke miƙar da shi, ta share danshi da datti. To, shi wannan koren abu tsakiyar biyun ya tsaya: yana cin ƙarfe, amma kaɗan-kaɗan.

Sunansa kuromiyam oksaid. Gari ne mai laushin gaske da ake cuɗawa da kakin zuma ko kitse. Mai kyau daga ciki, girman ƙwayarsa wajen rabin maikiron ne, shi kuwa maikiron kashi 1 ne cikin 1,000 na milimita. Ke nan silin gashin kanka ya ninka ƙwayar fiye da sau 100 a kauri. Akwai kuma ja, wanda ake yi da tsatsar ƙarfe, irin na maƙeran zinariya, da kuma na garin lu'ulu'u, mai saurin ci da tsada. Maƙeran aska na garin Solingen a Jamus da na Thiers a Faransa sun daɗe suna sayar da irin waɗannan tare da askarsu.

Ga yadda za ka yi. Ka samu wata fata daban, ka manna ta a kan shafaffen katako, don fata mai lilo tana dakushe baki. Ka goga abin sama-sama, yadda za ka riƙa hango fatar ta ƙarƙashi. In ka lafta, ɓarna ce. Sannan ka kwantar da askar, bayanta da bakinta duk su taɓa fata. Ka ja ta baya na gaba, baki na biye, ba tare da dannawa ba. In ka kai ƙarshe, ka juya ta ta bayanta, ba ta bakinta ba. Ja 5 zuwa 10 ya isa. Daga nan ka goge ta sarai, ka koma kan fatarka ta kullum.

Kada ka mai da shi abin kowace rana. Sai ka ji aska ta fara fizgar gashi, fata zalla kuma ta kasa, sannan ka nufe shi. Yawan yi yana dunƙule bakin. In kuwa aska ta yi giɓi, babu abin da zai gyara ta sai dutse.

Hattara da abu biyu. Man da makanikai ke gurza bawul ɗin inji da shi ya yi kaushi, zai farfashe maka baki. Haka kuma ƙurar hunturu, in ta zauna a fata, ƙwayar yashi ɗaya tak sai ta karce askar. Saboda haka ka naɗe fatar a tsumma mai tsabta kafin ta shiga zabira.

Sai babbar magana. Washi ba ya kashe ƙwayar cuta. Ƙwayar ciwon hanta mai lamba B tana iya yin aƙalla kwana 7 da ranta a busasshen jini a jikin ƙarfe, ga kuma ƙanjamau da ke bin jini. In ka kai aska mai jini kan fata, ita ma fatar ta gurɓata. Don haka bayan kowane mutum, musamman wajen kaciya, tsaga ko ƙaho, ka wanke askar da sabulu, ka tafasa ta minti 20, ka busar da ita don kada ta yi tsatsa, sannan ka wasa. In ka wasa, ka sake wanke ta kafin ta taɓa jikin wani. Tanadin aska 3 ko 4 zai sa layi ba zai tsaya ba ranar kasuwa.

Hausawa na cewa wanzami ba ya son jarfa. To, askar da ba za ka yarda a ɗora a kan ɗanka ba, kada ka ɗora ta a kan ɗan wani. Kai ma mai zuwa aski, kana da ikon tambaya ko an tafasa ta.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Allah ya ba da kasuwa.