Yadda Rimot Ke Sarrafa Ƙaramin Jirgin Ruwa

Rimot ɗin ƙaramin jirgin ruwa na'ura ce ta hannu da ke aika umarni ta rediyo zuwa wata 'yar na'urar karɓa da ke cikin jirgin. Fasahar ba sabuwa ba ce, domin tun a 1898 Nikola Tesla ya nuna irin wannan jirgi a birnin New York na Amurka. A yankin Gidan Goga da sauran garuruwan Maradun, Bakura da Talata Mafara, wurin gwaji ba ya wahalar samu, ga tafkin madatsar ruwan Bakolori da aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato.

Rimot ɗin iri biyu ne. Akwai mai siffar bindiga: ɗan sitiyari a gefe, kunama a ƙasa. Jan kunamar shi ne ba da totur, tura ta gaba kuma yakan sa ribas. Akwai kuma mai sanduna biyu da ake turawa da manyan yatsu, galibi ta hagu ta gudu, ta dama ta kwana. Kowane aiki tasharsa daban, shi ya sa tasha biyu ta wadatar da yawancin jiragen: ɗaya ta farfela, ɗaya ta wutsiyar da ke karkata jirgi.

Abin da ke ruɗar sabon shiga shi ne ruwa ba titi ba ne. Jirgi ba shi da birki, ko an saki kunama sai ya ƙara tafiya kafin ya tsaya. Wutsiya kuma ba ta aiki sai ruwa na wucewa ta jikinta, don haka duk wanda ya kashe totur a tsakiyar kwana, sitiyari zai rage amsa masa yayin da gudun jirgin ke raguwa. Idan jirgin ya juyo yana fuskantar mai shi, dama da hagu sai su sauya a idonsa. Wannan kuwa yawan gwaji ne kawai maganinsa.

Ƙananan maɓallan da mutane ke rainawa su ne suka fi bukatar kulawa. Na daidaitawa yana gyara jirgin da ke karkata alhali ba a taɓa sitiyari ba. Ana danna shi kaɗan-kaɗan har jirgin ya miƙe. Wani yana rage iyakar juyawar wutsiya, don kada jirgi mai gudu ya kife a kwana. Na uku yana juya umarni idan an murɗa dama jirgin ya yi hagu.

Tsofaffin rimot suna aiki a kan mita irin megahaz 27, inda mutum biyu kan shiga tashar juna. Na yanzu suna kan gigahaz 2.4, kuma ana ɗaura kowanne da jirginsa tun farko. Sai dai wannan mitar ba ta ratsa ruwa, dole eriyar jirgi ta kasance sama da ruwan.

Ƙa'ida ita ce a fara kunna rimot sannan jirgi, wajen kashewa kuma a fara da jirgi, domin farfelar da ta tashi ba umarni tana iya yanka yatsa. A ruwan noman rani, ciyawa da tarun masunta kan naɗe farfela, kuma jirgin da batirinsa ya ƙare a tsakiyar tafki da kwalekwale ake ɗauko shi, ba da iyo ba.